Anka, Gummi da Bukkuyum a Cikin Tsofaffin Taswirori

Gabatarwa

Mafi yawan abin da muka sani game da tarihin yammacin Zamfara daga bakin dattawa ya fito, sai jerin sunayen sarakuna da ake ajiye da su a fada, sai kuma littattafan malaman jihadi. Akwai wata madogara ta huɗu wadda ba mu cika waiwayarta ba, wato taswira. A makarantunmu an bar taswira ga malamin labarin ƙasa, shi kuwa malamin tarihi ya ɗauka ba ruwansa da ita. Manufar wannan maƙala ita ce in nuna wa 'yan'uwana malamai da iyayenmu dattawa irin abin da ake iya tsinta idan aka jera tsofaffin taswirorin ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum bisa tsarin shekarunsu, aka karanta su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda alƙali yake sauraron shaidu. Da gangan na kawo misalin alƙali, domin kowace taswira shaida ce ta wani mutum, kuma kafin a karɓi shaida sai an san wane ne mai bayar da ita, ko da idonsa ya gani ko labari ya ji, da kuma abin da ya kawo shi.

Zamfarar da ke cikin taswirorin Turai

Sunan Zamfara ya daɗe a bisa takarda. Hasan al-Wazzan, mutumin Fas da Turawa suke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa na bayanin Afirka a 1526, aka buga shi a birnin Benis na Italiya a 1550. A ciki ya ambaci Zanfara tare da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. Daga nan masu zanen taswira irin su Gastaldi da Ortelius suka ɗauki sunan suka sa a taswirorinsu, waɗanda suka biyo baya kuma suka yi ta kwafa har kusan shekara 200. Ba ko ɗaya daga cikin masu zanen da ya taɓa taka ƙasar Hausa. A waɗannan taswirori ma za a ga kogin Kwara yana malala yamma zuwa teku, abin da kowane masunci na Yawuri ya san ba haka yake ba.

Wanda ya ga "Zanfara" a irin wannan taswira kada ya ce ga Anka nan. A wancan zamani cibiyar mulkin Zamfarawa tana can arewa, a Birnin Zamfara da ke kusa da Isa, fiye da kilomita 100 daga Anka. Gobirawa a ƙarƙashin Sarkin Gobir Babari suka ci birnin a farkon shekarun 1760, suka kafa Alƙalawa, gidan sarautar Zamfara kuma ya shiga ƙaura daga wannan mazauni zuwa wancan, ciki har da Kiyawa da Sabon Gari, kafin ya tabbata a Anka a farkon rabin ƙarni na 19. Bajamushen nan Kurt Krieger, wanda ya yi bincikensa a Anka ya buga tarihin Zamfara a 1959, da Dokta Garba Nadama a kundin digirinsa na Jami'ar Ahmadu Bello na 1977, duk sun bi diddigin wannan ƙaura. Idan malami ya zana ta a allo, ɗalibai za su ga abin mamaki da kansu: kufan Birnin Zamfara a yau yana cikin Jihar Sakkwato, wajen iyakar jihar da ta ɗauki sunansa ranar 1 ga Oktoba, 1996.

Taswirar Sarkin Musulmi Bello da ta Barth

A 1824 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato ta hanyar Zurmi. Cikin abin da ya koma da shi gida akwai taswirar da ya samu daga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wadda aka buga a Landan a 1826. Ina son malamai su riƙa ambaton wannan taswira a aji, saboda yara da yawa suna tashi da zaton cewa zanen ƙasa Bature ne ya zo da shi. Taswirar Bello ba ta awo ba ce. Garuruwa ne da hanyoyin da suka haɗa su da kuma kogi, wato irin ilimin da sarki da madugu da mai tafiya Hajji suke buƙata. Tambayar da take amsawa ita ce, daga nan ina aka nufa, kuma wane gari ke gaba.

Heinrich Barth ya ratsa Zamfara a 1853 daga Katsina zuwa Wurno, ta Zurmi da Badarawa da Isa da dajin Gundumi. Wannan hanya ta arewa ce ƙwarai. Bai zo Anka ba, bai ga Gummi ba. Da kamfas da agogo yake auna tafiyarsa, ƙasar da bai taka ba kuwa sai ya zaunar da fatake da malamai ya tambaye su zango bayan zango, ya rubuta nisan da kwanaki. August Petermann ne ya mai da waɗannan bayanai taswira a littafin da ya fito tsakanin 1857 da 1858. A rataye na littafin Barth ya kawo jerin garuruwan Zamfara, ya raba waɗanda ke biyayya ga Sakkwato da waɗanda suka yi tawaye a lokacin, ya sa Anka da Gummi da Zoma cikin kashi na biyu. Saboda haka duk abin da ya faɗa game da yankinmu ji ya yi, kuma daga bakin mutanen ɓangaren da yake baƙuntarsu ya ji. Kalmar tawaye ta mai ba da labari ce. Da a fadar Anka aka tambaya, da wata kalma za a samu.

Duk da haka jerin yana da amfani babba. Ya nuna cewa a tsakiyar ƙarni na 19 garuruwan da ke bin Gulbin Zamfara sun isa a san su daga nesa, kowanne da sarkinsa. Ni a ganina Zoman da Barth ya ji ita ce sunan da ya wanzu a Zauma ta ƙasar Bukkuyum, kuma wannan ya isa ya sa malamin da ke koyarwa a can ya kai ɗalibansa gun dattawan garin.

Hanyar goro

Idan aka ɗauki taswirar zamani aka duba, Anka da Bukkuyum da Gummi kusan a layi ɗaya suke daga gabas zuwa yamma, dukkansu kaɗan sama da digiri 12 arewa. Abin da ya jera su haka shi ne Gulbin Zamfara, wanda ya wuce ta nan ya nufi Jega kafin ya haɗu da Gulbin Rima. Inda gulbi yake akwai ruwan sha ga jakai da alfadarai da rani, akwai fadama, akwai abinci. Shi ya sa ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayo goro suka riƙe wannan kwari a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyinsu zuwa kasuwar Jega da mashigan Kwara. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna a binciken da ya buga a 1973 da 1980 cewa Kambarin Barebari, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin fataken goro na ƙasar Hausa, a Gummi suka yi mazauni kafin wasunsu su bazu zuwa Kano da sauran wurare. Garin da yara a yau suke ɗauka ƙarshen hanya ne, a da tsakiyar hanya yake.

A nan ne taswira take iya taimakon mai bincike da lissafi mai sauƙi. Tsakanin Anka da Gummi kusan kilomita 90 ne a miƙe. Ayari mai kaya da dabbobi da mata da yara, a ƙiyasina, da wuya ya wuce kilomita 20 zuwa 25 a yini. Ke nan tafiyar kwana huɗu ce ko biyar, kuma dole a sami wurin sauka a ƙarshen kowane yini. Sai a ɗauki zare a auna wannan nisa a bisa taswira, a yi alama, sannan a je a tambayi mutanen wurin ko akwai filin da ake kira zango, ko tsohuwar rijiya, ko kukoki da tsamiyoyi a cunkushe wuri ɗaya, ko unguwar da asalin mutanenta baƙi ne. Taswira ba za ta ce ga zangon ba. Iyakacinta ta rage wa mai nema faɗin daji.

Abin da ya karya wannan hanya ma a taswira ake ganinsa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku da dogo. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga da kantunan Turawa da na Kwara duk suka taru a gabas. A taswirorin da aka yi bayan haka, layi mai kauri yana gabashin Zamfara, yamma kuwa sai siraran layuka.

Taswirar mai karɓar haraji

Bayan cin Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, yankin nan ya shiga Lardin Sakkwato, Manjo Burdon ne Razdan na farko. Daga nan taswira ta sami sabon aiki. Di'o yana fita rangadi bisa doki, yana ƙidaya gidaje da gonaki da shanu domin a yanka haraji da jangali, kuma sau da yawa yakan haɗa rahotonsa da ɗan zanen gunduma na hannu. Irin waɗannan rahotanni suna cikin fayilolin Lardin Sakkwato a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, kuma mai bincike zai amfana da ziyartar Gidan Arewa a Kaduna da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Littafin bayanin lardi da Arnett ya fitar a 1920 daga irin wannan aiki aka tsamo shi.

Babban sabon abu a waɗannan taswirori shi ne layin iyaka. Kafin zuwan Turawa, mutane ake mulka, ba fili ba. Ƙauye yana iya bin sarkin da ke nesa alhali maƙwabcinsa yana bin wani, dajin da ke tsakani kuma na mafarauta da makiyaya ne. Bature yana son kowace gunduma ta zama dunƙule ɗaya da hakiminta zaune a ciki, don haka ya ja layi, ya ɗebe wannan ƙauye ya ba wancan. Rigingimun iyaka da yawa da ake gadonsu yanzu ba su girmi wannan layi ba. A kudu, wajen Gulbin Ka, layin ya zama iyakar lardi sukutum, domin akwai lokacin da ƙasar Zuru ba ta cikin Lardin Sakkwato. A 1976 aka haɗa ta da Jihar Sakkwato, a 1991 kuma ta tafi Jihar Kebbi. Mutanen da suke cin kasuwa ɗaya sun ga an sauya musu layi sau da yawa ba tare da kowa ya tashi daga gidansa ba.

Akwai abin da layin bai iya shafewa ba, wato sarautu. A Anka Sarkin Zamfara ake cewa, a Gummi Sarkin Mafara, a Bukkuyum Sarkin Danko. Duk ukun suna ɗauke da sunan wata ƙasa ko wani wuri dabam da garin da sarkin yake zaune. Mafara tana nan kuma a sunan Talata Mafara, Danko kuwa sunan gari ne a ƙasar Zuru. Sarauta ita ma wata irin taswira ce da aka riƙe a baki, tana nuna inda aka fito ko inda iko ya taɓa kaiwa. Malamin da ya rubuta sunayen sarautun garinsu duka, manya da ƙanana, ya nemi kowanne a taswira, zai sami darasin zangon karatu guda.

Sai maganar rubutun sunaye, wadda take ɓatar da masu bincike da yawa. Clapperton ya rubuta Zamfra, Barth ya rubuta Zanfara. Bukkuyum ta fito a takardun Turawa da siffofi irin su Bukwium. Gummi takan zo da "m" ɗaya, kamar yadda ta zauna a sunan Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin, wanda ya rasu a 1992. Baturen yana rubuta abin da kunnensa ya ji daga bakin tafinta, tafintan kuma wataƙila Bakano ne ko Banufe. Maganin wannan shi ne a karanta sunan da ƙarfi a gaban dattijon wurin. Haka kuma kada a yarda da suna shi kaɗai. Tarihi ya nuna Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, kuma jama'arsa sun zauna a Sabon Gari a 1805 kafin su koma Gwandu. Amma Sabon Gari da Sabon Birni da Nasarawa suna da yawa a taswira, kowane gari kuma yana son a ce nasa ne.

Taswirar safiyo

Taswirorin da suka fi amfani ga mai binciken ƙaramin gari su ne na Ma'aikatar Safiyo ta Tarayya, waɗanda aka zana daga hotunan jirgin sama a shekarun da suka kewaye samun 'yancin kai. An yanka ƙasar Nijeriya gida gida, kowane gida rabin digiri, wato kusan kilomita 55 kowane gefe. Gummi ce takarda ta 51, Anka ta 52, garin Bukkuyum kuwa ya faɗo dab da inda biyun suka haɗu, don haka mai binciken ƙasar Bukkuyum sai ya nemi duka biyun. A ma'aunin 1:100,000 santimita ɗaya kilomita ɗaya ce. A na 1:50,000 santimita biyu ne kilomita ɗaya, kuma a wannan ne ake ganin ƙananan ƙauyuka da hanyoyin ƙafa da rafuka da iyakar gandun daji.

Abu na farko da nake dubawa shi ne ƙasan takardar, inda aka rubuta shekarar ɗaukar hoto da shekarar bugawa. Sukan bambanta da shekaru, kuma ta hoton ce shekarar shaida. Na biyu, a tuna da rani ake ɗaukar hoton, lokacin da sama take garau. Saboda haka gulbi yana fitowa a ƙanƙance, rugar Fulani da ta tashi ba ta fitowa, burtalin da shanu suke bi ma sau da yawa ba a sa masa suna. Rashin ganin makiyayi a taswira ba hujja ba ce ta cewa ba ya nan. Wannan magana tana da nauyi, domin Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, kuma yawancin gardamar da ake yi yau kan inda burtali ya bi da inda gona ta tsaya, gardama ce kan abin da aka sa a takarda da abin da aka bari a baki.

Sunayen da ke bisa waɗannan takardu su kansu tarihi ne. Inda aka ce Birni, kamar Birnin Tudu ta ƙasar Gummi, a nemi ganuwa ko alamar ramin da ya kewaye ta. Inda aka ce Tunga, ƙaramin mazauni ne da wani ya sara daga baya, galibi sunan wanda ya kafa ta ko yanayin wurin yana biye. Idan aka ga tungaye sun yi yawa nesa da garu, alama ce ta zamanin da mutane suka daina tsoron hari suka fita noma a daji. Garuruwan ƙarni na 19 a dunƙule suke a bayan ganuwa. Na ƙarni na 20 a warwatse suke.

Ga mutanen Gummi akwai wani amfani na gaggawa. Gulbi yana sauya kwanciya, yana barin tsohuwar hanyarsa ta zama tafki ko fadama, kuma idan ruwa ya yi yawa yakan tuna da ita. Bayan ambaliyar da ta auka wa garin a watan Agusta na 2024, ya kamata a ɗora taswirar safiyo bisa hoton tauraron ɗan'adam na yanzu, wanda ake samu a wayar hannu, a ga inda gari ya tsaya a wancan lokaci da inda sababbin unguwanni suka shiga.

Ƙauyukan da suka shiga taswira da waɗanda suke fita

Zinariyar ƙasar Anka ba sabon labari ba ce ga masu taswira. An kafa Hukumar Binciken Ma'adinai ta Nijeriya a 1919, an yi haƙar zinariya sosai a wannan sashe na Arewa a shekarun 1930, kuma masana duwatsu har yau da sunan Anka suke kiran jerin duwatsun da ke ɗauke da ita. Abin da ba a kai wa mutanen ƙauye ba shi ne cewa a wasu ramukan zinariyar tana cakuɗe da dalma. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa saboda ƙurar dutsen da ake daka a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu. Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, sai ga su a taswirorin hukumomin duniya. Bagega sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024.

Yanzu kuma akasin haka ke faruwa. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairu 2022, sun tashi tungaye da yawa, mutanensu suka koma Anka da sauran manyan garuruwa. Ƙasar da ta warwatsu a ƙarni na 20 tana sake dunƙulewa saboda tsoro. Gonar ƙauye ba ta da takarda. Shaidarta ita ce maƙwabci da mai unguwa da itacen da ke kan iyaka. Idan aka yi shekara goma ba a koma ba, dattawan da suka san iyakokin suka ƙare, daji ya rufe, ranar komawa za ta zo da shari'o'in da ba mai iya yanke su.

Wannan aiki ne da malamin firamare zai iya yi ba tare da ya fita daga gari ba, domin dattawan waɗannan ƙauyuka suna nan kusa da shi. Ya sami kwafin takarda ta 51 ko ta 52, ya shimfiɗa a gabansu, ya juya ta yadda gabas ɗinta zai dubi gabas, ya fara da gulbi, domin kowa ya san inda gulbi yake daga garinsu. Daga nan sai a bi hanya suna bayan suna. Wanda yake a takarda a gyara rubutunsa yadda masu shi suke faɗa. Wanda babu a sa shi da fensir, tare da sunan wanda ya sari wurin, da inda ya fito, da rijiya da maƙabarta da masallacin Idi da mashayar shanu da inda burtali ya ratsa. A tambayi mata su ma, domin su suka san rafuka da wuraren itace da garuruwan da ake aurayya da su. A tambayi Fulanin da suka zauna a wurin, a rubuta nasu sunayen wuraren ko da sun saɓa wa na manoma. A ƙasan takardar a rubuta ranar da aka yi zaman da adadin waɗanda suka halarta, a yi kwafi uku, ɗaya a makaranta, ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a aiko wa wannan hukuma.